Karen Madam da Hannun Baba Seidu

Har in bar duniya ba zan manta da ranar da na ƙi rubuta abin da Dokta ya ce in rubuta ba. Lokacin ina mataimakin likita a wani asibitin dabbobi kusa da Bantama. Ƙa'idar wurin, ni ke duba dabba in cika takarda, Dokta ya sa hannu.

Wata Talata da hantsi wata Madam mai hali ta kawo karenta yana ɗingishi, irin masu dogon jiki da guntayen ƙafafun nan. A bayanta ga maigadinta, Baba Seidu, dattijo daga unguwar Moshi Zango. Ta ce shi ya doki karen, takarda take so ta sallame shi da ita. Hujjarta, wai kullum da safe tana ganinsa yana dirje hannu da ƙasa, don haka ya tsani karen.

Muka ɗauki hoton ƙashi. Ba karaya, ba alamar duka. Gwiwar ƙafar gaba ce ba ta zauna daidai ba tun yana ƙarami, ciwon da ya saba kama irin waɗannan karnuka.

Dokta ya ja ni gefe, ya ce, "Musa, rubuta rauni kawai. Babbar kwastoma ce."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Dokta, ga biro. Ni dai ba da hannuna ba."

Na fita na tambayi Baba Seidu zancen ƙasar. Ya ce, "Ɗana, karen ba ya iya sauka bene. Ni ke ɗauko shi safe-safe, sai ya lashe ni. In wanke da ƙasa, in yi salla. Madam bai tambaye ni ba."

Na roƙi Madam ta ajiye karen a saman matakalar asibiti. Ko kallonta bai yi ba. Ya ɗingisa ya tsaya gaban dattijon, yana jira a ɗauke shi kamar kullum. 

Na rubuta gaskiyar abin da hoton ya nuna, Dokta ya sa hannu a kai. Mako biyu bai amsa gaisuwata ba, ni kuwa ko abincina ban rage ba. Baba Seidu ya koma gadinsa a bakin ƙofar Madam.

Ku da kuka zo bayanmu a wannan aiki, ku riƙe wannan. Dabba ba ta magana, mai kula da ita kuma sau da yawa ba a tambayarsa. Kafin ku ɗora biro a takarda, ku duba wa ke tsaye a bayan mai kare.