Garejin Bulus, Shekara Tara Bayansa

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Bulus bakanike, abokina da ya zo Birnin Kebbi daga Filato da akwatin sufana ɗaya, ya zauna a unguwar Nasarawa har muka manta baƙo ne.

Wautata ce ta haɗa mu. Na sayar da shanu na sayi a-kori-kura ta hannu, bayan dillali ya zagaya da ni gari tana gudu, babu ko buhu ɗaya a bayanta. Ranar farko da na loda mata shinkafa a fadamar Ambursa, ta kai rabin tudu ta mutu. Aka kira min Bulus. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Alhaji, motar aiki ka gwada ba kaya? Ai kowace mota lafiyarta lau in wayam take." Haka yake aikinsa. Ko injin tirela ya gyara, ba ya sallamar direba sai an loda buhuna an hau tudu, shi yana zaune gaba ya kasa kunne. Direbobi su yi ta mita, gobe kuma su dawo.

Har yau motar nan ke ɗauko albasata daga Augie zuwa kasuwar Argungu. Amma fetur na cinye ribar, farashin sabuwa kuwa, da dillalai suka faɗa min, ko gonata na sayar ba zan kai ba. Manyan motocin ma sun canza. Ana shigo da masu aiki da iskar gas, ana zancen na lantarki, kuma kwamfuta ake jonawa ta faɗi abin da ke damun inji. Nakan tambayi kaina me Bulus zai ce. Na san zai yi mako guda yana tsaki. Na kuma san abin da zai biyo baya, don lokacin da injuna masu kwamfuta suka fara zuwa, kanikawa na gudunsu, shi ya sayi matacce ɗaya ya baje shi kan tabarma, bai tashi ba sai da ya gane kansa.

'Yarsa Rifkatu ta je ta koyo mayar da mota kan iskar gas, ta dawo ta buɗe garejin mahaifinta. Wata uku babu wanda ya kai mata mota. A tasha cewa ake yi mace ba ta taɓa inji. Da ƙanena ya ji niyyata ta kai mata motata ta mayar min kan gas, ya ce, "Yaya, mi ka damun ka? In ta ɓata ma injin ga cirar albasa ta matso, wa za ka kamawa?" Gaskiyarsa. In motar ta kwanta, albasar bana ruɓewa za ta yi, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba.

Sai dai Bulus bai bar gida ko gona ba. Abin da ya bari shi ne rashin tsoron sabon inji, kuma ina ganinsa a hannun 'yarsa. In aka rufe garejin nan ina kallo, ban yi masa abota ba.

Jiya na miƙa mata makullin a gaban direbobin tasha. Ta ce, "Baba, in ban dace ba fa?"

Na ce, "Sai ki kwance ki sake ɗaurawa. Ba ni da wata motar, kuma ba zan kai ta wani gareji ba."