Tayar Kowane Yanayi ta Baba Orest

A garinmu Dauphin babu wanda yake tuna cewa motarsa tana da ƙafa sai ranar da dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. Ran nan sai ka ga layi daga ƙofar shagona har kwanar coci, kowa da fuskar wanda aka yi wa ba-zata, kamar ba haka take zuwa kowace shekara ba tun kafin a haifi kakanninsu. Shekara ashirin da tara ke nan ina kwance taya ina ɗaurawa. Bayana ya gaji, gwiwoyina sun gaji, bakina ne kawai bai san gajiya ba, shi ma matata ta ce da ma shi ya fara.

Don in huta da gardama, na kafa ƙusa uku a bangon waje kusa da ƙofa, na rataye guntun roba a kowace. Ɗaya daga tayar zafi, ɗaya daga tayar sanyi, ɗaya kuma daga wadda masu yin ta suka raɗa wa suna "ta kowane yanayi". Wanda duk ya zo da musu sai in ce ya fita ya danna su da farcen babban yatsa. Idan sanyi ya kama, ta zafi takan zama dutse, ta kowane yanayi ta zama katako, ta sanyi kuwa ta lotsa kamar ƙullin burodi. Tayar da ba ta lotsawa ba ta kama hanya. Iyakar ilimina ke nan a duniya, kuma ya ci da ni da iyalina.

Mutum ɗaya ne ya taɓa kayar da ni a gaban ƙusoshin nan, shi ne Orest Bilyk.

Shekara talatin da huɗu Baba Orest ya yi yana tuƙa bas ɗin makaranta a hanyar gonakin arewa da gari. Ni ma ya ɗauke ni shekara takwas, shi ya sa har yau da nake da hamsin da biyu da saiƙo ba ya kira na Garnet, sai "ɗan kujerar baya". A duk shekarun nan bai taɓa jefa bas a rami ba, abin da a ƙasarmu daidai yake da a ce mutum bai taɓa yin mura ba. Da ya ajiye aiki sai ya koma noman tafarnuwa a bayan gida, da zaman shan kofi da sauran tsofaffi a gidan mai, inda ake gyara gwamnati kullum kafin ƙarfe goma.

A watan Yuni na shekarar da ya cika saba'in ya je Winnipeg a bas, ya dawo da jar mota mai ƙofa biyu, ta hannu ce amma kamar sabuwa, ta kwanta ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera. Matarsa Verna ta tsaya a ƙofa riƙe da ƙugu.

"Jama'a ku zo ku gani," in ji ta. "Na aike shi ganin likita, ya dawo mini da abin wasan yara."

Duk lokacin zafin nan ya yi ta yawo da ita. Shigarsa ciki kan ɗauki minti biyu, fitowa uku, amma in ya zauna sai ka ce saurayi.

To, al'adarmu a nan sananniya ce. Irin wannan mota, da an gama bikin godiya na Oktoba, a wanke ta, a cire batir, a lulluɓe ta da tamfol a gareji sai Mayu. A-kori-kura ce motar hunturu. Shi ya sa da na ga jar motar ta shigo harabar shagona a makon farko na Nuwamba, tana rausaya kamar mai maye, na ajiye sifana na fito.

"Baba Orest, lafiya? Tamfol ɗin ne ya ɓata, ko kalandar gidan?"

"Ɗan kujerar baya, rufe mini baki ka buɗe kunne. Taya nake so."

"Taya kake da ita, huɗu ma. Motar ta kwana a gareji."

"Ba za ta kwana ba."

Ya kama hannuna ya ja ni gefe, nesa da masu layi. Ya ce likitan da ya je gani a Yuni likitan ido ne. Tsakiyar ganinsa ce take dusashewa, sannu a hankali, kuma ba magani. Yanzu an bar masa tuƙin rana kawai. Ranar huɗu ga Maris za a sake gwaji, likitan kuma bai yi masa ɓoye-ɓoye ba, ya ce ba zai ci ba.

"In na lulluɓe ta sai Mayu," in ji shi, "wani ne zai buɗe."

Na zagaya motar ina duba ƙafafunta don kada ya ga fuskata.

"To, Baba, tayar sanyi ce maganin. Amma wilin nan naka mai ƙyalli ya yi faɗi. Sai mun sa siriri, baƙi, na ƙarfe. In na yi oda yau, mako uku."

"Baƙi? A jikin wannan? Ka taɓa ganin an sa wa amarya takalmin shiga garke?"

"Na ga amaryar da ta zame a ƙofar coci ta karya ƙugu. Ɗiyar Kowalchuk, kana wurin."

"Mako uku kuma! Mako goma sha bakwai nake da su duka-duka, ka ce in ba ka uku? Na duba takarda. Akwai ta kowane yanayi daidai wilina a Brandon, kwana biyu ta iso."

"Baba, wanda ya sa mata wannan suna bai taɓa zuwa lardin nan namu na Manitoba ba. Yanayi uku yake nufi, ya ji kunyar rubutawa."

"An rubuta kowane ko ba a rubuta ba?"

"An rubuta a jikin man shafawar matata cewa yana mayar da tsohuwa yarinya."

"Zan gaya mata."

Sai na yi abin da na saba. Na ce ya je bango ya danna. Abin da ban lura da shi ba shi ne ƙarfe ɗaya ne na rana, sanyin bai wuce digiri biyu ƙasa da sifili ba, rana kuma tun safe take dukan bangon nan. Baba Orest ya sa farce a ta kowane yanayi ya danna. Ta lotsa. Ya sake dannawa, ya waiwayo ya kira mutanen layi su shaida.

"Ta lotsa ko ba ta lotsa ba?"

"Ta lotsa, Orest," in ji su, su da suke neman abin dariya tun safe.

"Rana ce ta gasa ta," na ce. "Dawo da asuba ka gani."

"Kai ka kafa ƙusa, kai ka kafa doka. Ban ga inda aka rubuta asuba ba."

Ina da mota goma sha ɗaya a layi, bayana yana ci kamar wuta. Na ce to. Da ina da hankali, da ran nan na yi odar ta sanyin ma na ajiye. Ban yi ba. Na ce gobe, goben kuma ta zo da nata layin.

Mako biyu abin ya yi kyau. Duk rana sai ya bi ta gaban shago ya danna mini oda, ya ɗago babban yatsa ta taga. A mako na uku sanyin gaske ya sauko daga arewa, talatin ƙasa da sifili, titi ya zama madubi. Ƙarfe uku da rabi na ranar Talata Baba Orest ya zo kwanar makarantar firamare, yana tafiya kamar mai rakiyar gawa. Ya taka birki, motar ta ce ba da ita ba. Ta juya a hankali, ta nuna wa kowa bayanta, ta gangara cikin ramin gefen hanya ta zauna. Ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Amma bas shida ne a jere a wurin suna lodin yara, rabin direbobin shi ya koya musu aiki.

Ni na je da janwe. Yana tsaye a bakin ramin, hularsa a hannu cikin wannan sanyi. Maganganu sun kai bakwai a bakina, duk masu daɗi, na haɗiye su. Muka kai ta gida, ya lulluɓe ta da kansa.

Bayan kwana huɗu Verna ta shigo shago da kwanon pirogi, ƙullin fulawar nan mai dankali a ciki, a naɗe cikin tawul, ta dangwarar a kan tebur.

"Garnet, kai ne mai tayar ko shi?"

"Inna Verna, na gaya masa..."

"Ka gaya masa! Shekara arba'in da shida ina gaya masa, ka ga ya ji? Ba gaya masa ake yi ba, yi ake yi ya tarar. Ya daina zuwa shan kofi. Yana zaune yana kallon bango, ya ce ido ne, ba taya ba. In ya ci gaba da zama mini a ɗakin girki har Maris, ɗayanmu sai an kai gawarsa coci."

Ashe abin da ya ci shi ke nan. Bai yarda roba ce ta jefa shi rami ba, ya ɗauka idon ne ya riga likita yanke hukunci.

Na hau waya. Amma a ƙarshen Nuwamba neman tayar sanyi daidai wannan mota kamar neman kankana ne a gonar ƙanƙara. Brandon babu, Winnipeg sai Fabrairu, wani a Regina ya yi mini dariya har da tari. Sai tsakiyar Disamba na ji labarin wani likitan haƙori a Yorkton da ya sayar da irin motar, tayoyin sanyinta da baƙin wilinsu suna jibge a ɗakin ajiya. Ran Lahadi na tafi, awa biyu zuwa awa biyu dawowa, na loda su da wannan bayan nawa.

Baba Orest ya ce ba ya so. Na koma, ya ce in kai wa wanda yake gani. Kirsimeti ta wuce, sabuwar shekara ta wuce, makonni suna zubewa. Ranar tara ga Janairu Verna ta bar mini ƙofar gareji a buɗe. Na ɗaga tamfol, na sa jak. Ina ɗaure ƙafa ta uku ya fito da silifas da bargo a kafaɗa.

"Wa ya sa ka?"

"Wadda ta fi ka iko."

"Ka ɓata mini mota. Dubi, kamar motar ɗaukar shara."

"Na yarda. Baba, zo ka danna wannan." Na nuna masa tayar da na cire, sannan wadda na ɗaura. Garejin ba hita, numfashinmu har daskarewa yake a gashin baki. Ya danna ta farko, farcensa ya tanƙware. Ya danna ta biyu. Ya daɗe yana dannawa.

"Ashe ba ni ba ne," in ji shi.

"Kai ne mana. Kai ka zaɓe ta. Amma ba idonka ba ne, taurin kanka ne, shi kuwa likita bai hana tuƙi da shi ba."

"Ɗan kujerar baya, da ina da ƙarfi da na sauke ka a nan ka ƙarasa gida a ƙafa."

Ya shiga ya sa takalmi.

Mako bakwai da 'yan kwanaki suka rage masa, ya kuwa ci su har ƙashi. Ya kai Verna coci, ita da ta rantse ba za ta taɓa shiga ba, sai da mutum biyu suka ciro ta. Ya je Roblin cin abincin rana ba tare da ya san kowa a can ba. Ya je bakin tafki ya zauna yana kallon masu kamun kifi ta ramin ƙanƙara. Ranar da iska ta rufe hanya sai ya zauna a ciki a gareji, ya buɗe ƙofa, ya bar inji yana gurnani. Bai sake bi ta kwanar makaranta ba, ko sau ɗaya.

Ana gobe huɗu ga Maris ya zo shago.

"Gobe ka rufe. Za ka raka ni Winnipeg."

"Baba, ina da aiki. Ka tafi da Inna Verna mana."

"Ba ta iya tuƙa mai giyar hannu ba. Dole wani ya dawo da motar."

Na rufe shago. Shi ya tuƙa mu har can, awa huɗu, hannu biyu a sitiyari, sau ɗaya ma ya ce in daina taɓa rediyo. Na zauna a ɗakin jira ina karanta mujallar mata masu ciki, ita kaɗai ce a wurin. Bai yi minti arba'in ba ya fito. Ya tsaya a gabana ya miƙo makulli.

"Abin matsar da kujerar yana ƙasa ta hagu. Ka ja ta baya, da wannan tumbin naka."

Ya zagaya ɗaya ɓangaren, ya yi ta laluben hannun ƙofa, don bai taɓa shiga ta nan ba. Muka kama hanya. Ya ce na cika taka kuloci. Ya ce ina matse wa babbar mota. Na ce ya yi haƙuri, a kujerar baya na yi karatu. Bai yi dariya ba, ni ma ban sa rai ba.

Bayan mun wuce Neepawa ya nuna wani koren allo a gefen hanya.

"Me aka rubuta a can?"

"Dauphin, kilomita ɗari da arba'in."

"To," in ji shi. Ya kwantar da kujera, ya ja hula ya rufe fuska. "Tashe ni in mun isa."