Direban da Ke Tsayawa a Majema

Kullum da safe Baba Direba zai goge gilashin bas, ya gyara matashin da yake tokare bayansa da shi, ya kamo hanyar unguwarmu, can ƙarshen gari inda kwalta ta fara gajiya. Ba mai yawan magana ba ne, amma da ya taka birki sai ka ji, "Masaƙa! Akwai mai sauka?" Ka leƙa taga, shagon waya ne. Gaba kaɗan ya ce Rijiya Biyu, alhali gidan mai ne a wurin. Baƙo kan ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Mai shagon wayar ce ta fara kasa haƙuri. "Wai Baba, ina masaƙar take?"

"Kina zaune a kanta, 'yata. Nan kakata ta yi aiki har ganinta ya ragu."

Tun daga nan muka ishe shi da tambaya, shi kuwa ko a jikinsa.

Bara wata dattijuwa ta zo da sandarta. An bar unguwar da ita tun tana ƙarama, tana so ta ga gidan da aka haife ta kafin ƙafa ta ƙi ta gaba ɗaya. Abin da ta riƙe kawai, gidan yana bayan majema. Ta yini tana tambaya, har wani ya tura ta wurin masu gyaran takalmi. Da ta fid da rai sai ta hau bas ɗin komawa. Suna cikin tafiya Baba ya taka birki ya ce, "Majema!"

"Ɗan'uwa, me ka ce?" in ji dattijuwar.

Ya ba fasinjoji haƙuri, ya sauka ya raka ta lungun da ke bayan wurin. Gidan ya zama wurin wankin mota, amma dakalin dutsen ƙofar yana nan. Ta zauna a kai, tana dariya hawaye na zuba. "Nan na fasa haƙorina," in ji ta.

Baba, kai ne ka ƙi bari unguwar nan ta manta kanta. Ƙarshen wata za ka ajiye makulli, kuma gaskiya abin ya dame mu. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka. Mu kuma, duk mai tsoho a gida ya tambaye shi yau: da can mene ne a nan?