Hular da Tasallah Ta Bari a Buɗe

Ita ce Tasallah 'yar Malam Ashafa, ɗan Khalilu, ɗan Adamu Masaƙi, mutanen Maraɗi. Mahaifiyarta Azumi 'yar Abubakar Siddiƙ, wadda a zamaninta ba a kai garar amarya a unguwarsu sai da alkakin hannunta. An haifi Tasallah a shekarar 1965. Ta zo Madina a 1996 tare da mijinta, marigayi Issoufou, tela a wani shago a unguwar Sultana, kuma tun bayan rasuwarsa take aikin shara a wata makarantar 'yan mata. Na jero waɗannan sunaye ne da gangan, domin matan da suka yi mata dariya su san cewa wadda suka yi wa tana da asali, kuma sana'ar hannunta ta girmi iyayensu.

Ni malamar makaranta ce, shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da ita a Ƙuba, ƙofa na kallon ƙofa. Ban taɓa ganin ta zaune hannu sake ba. In ta dawo aiki ta yi la'asar, sai ta jawo kwandonta na zaren ulu da kwarashi, ta saƙa hula da safa da mayafin jarirai. Babu gidan Bahaushe daga Ƙuba zuwa Al-Ranuna da aka yi suna ba a ga aikinta a jikin jaririn ba.

'Yarta ɗaya ce, Hidaya, haihuwar Madina, irin yaran nan da ake yi wa magana da Hausa su amsa da Larabci. Ta auri Haisam, ɗan Hajiya Fatna, Hausawan Sudan da ke zaune a Al-Ranuna. Da Hidaya ta sami ciki, Tasallah ta shiga shiri irin na uwar da 'yarta za ta yi haihuwar fari, domin a al'adarmu gidan uwa ake komawa wankan jego har kwana arba'in. Ta nemi hutu a wurin aiki tun da sauran wata uku. Ta sa masu zuwa Umra suka kawo mata kanwa da kayan yaji daga gida. Ta sayi babbar tukunya ta dafa ruwa, ta kwashe kayanta daga ɗakinta ta koma falo, ta gyara wa mai jego gado. Wannan arba'in ɗin shi ne abin da ta sa a gaba, kuma shi aka raba ta da shi.

Cikin yana wata takwas, Lubna, ƙanwar Haisam, ta ce za a yi hafla irin ta zamani, wadda ake tara mata a yi wa mai ciki kyaututtuka tun ba ta sauka ba. Da labari ya iso, Tasallah ta ce mini, "Malama, yanzu ciki ake yi wa biki, ba a ga mutum ba?" Amma da ta ji yarinyar tana so, sai ta shiga shiri. Kwana huɗu ta yi tana aiki. Ta ɓarza alkama, ta kwaɓa, ta bar ta ta yi tsami, ta murza, ta naɗe, ta soya, ta tsoma a zuma. Ta yi dubulan. Ta gasa ma'amul da dabinon Madina, wanda ta koya a nan, har ta fi waɗanda suka koya mata. Sannan ta jera kayan saƙa a kwando ta lulluɓe da farin ƙyalle.

Ranar Asabar bayan la'asar muka isa gidan Lubna a Sultana. An cika falo da shuɗin balan-balan, ga kek mai hawa biyu a tsakiya. Alkakin da ya ci kwana huɗu, aka kai shi kicin. Sai aka zo buɗe kyaututtuka ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Lubna ta yaye farin ƙyallen, ta ɗago hular farko. Saƙa ce mai kyau ƙwarai, amma samanta a buɗe yake, zare yana reto.

"Ya Khala, wannan hula ce ko rariya?" in ji Lubna, tana kiran ta inna da Larabci, ta zura yatsu uku ta cikin ƙofar. "Ta nan yaron zai riƙa shan iska?"

Falo ya ɗauki dariya. Wata ta ɗago safa. "Wallahi wannan ma ba ta da baki! Yatsu a waje!"

"Za a rufe," in ji Tasallah a hankali.

"Yaushe, ya Khala? In ya shiga jami'a?"

"In lokaci ya yi."

Aka zazzage kwandon gaba ɗaya. Riga ba a kama wuyanta ba, mayafi saura gefe guda. Kowane ɗaya saura aikin da bai fi na ɗan lokaci ba. Duk mai hankali da ya ga kaya goma sha biyu sun tsaya a daidai wuri ɗaya, ya san da niyya aka tsayar da su. Mantuwa ba ta da irin wannan tsari. Amma a cikin mata sama da ashirin, har da masu digiri, ba a sami ko ɗaya da ta tsaya ta yi wannan ɗan lissafin ba. Hidaya kuwa ta sunkuyar da kai, ta ce, "Umma, fashaltini," wato kin kunyata ni. A gaban surukai ta faɗa, kuma wayoyi suna ɗauka. Kafin isha hoton hular da yatsun Lubna a ciki ya zaga wayoyin matan unguwa uku.

Bayan kwana biyar Hajiya Fatna ta zo Ƙuba da kanta, da turare da fara'a.

"Ummu Hidaya, mun yi shawara," ta ce. "Shekaru sun ja, ido ma ba kamar da ba. Ai mun ga kayan. Jariri ba abin da za a fara a bari ba ne. Yarinya za ta yi arba'in ɗinta a wurina, ki huta."

Tasallah ta dubi tukunyar da ke jingine a bango, ta ce, "Ita yarinyar ta yarda?"

"Ita ma ta ce haka ya fi."

"To, Allah ya sauke ta lafiya."

Abin da ta faɗa ke nan. Ni ce na kasa haƙuri, na tari mota har Al-Ranuna, na ce wa Hajiya Fatna ba a taɓa ƙwace wa uwa wankan 'yarta a kan hula ba. Ta ce, "Malama, nan ba aji ba ne." Na fito ban sha shayinta ba.

Ranar Talata da hantsi naƙuda ta zo. Muka zauna a barandar asibiti, Tasallah da kwandonta a cinya, ba ta taɓa shi ba, sai tasbihi take ja. Da aka fito aka ce namiji ne, ya yi kuka, uwa lafiya, sai ta yi hamdala, ta shiga ta ɗora tafin hannunta a kan jaririn ta auna, ta dawo ta zaro kwarashi. Kafin a kira azahar ta rufe hula, ta rufe safa biyu, ta kama wuyan riga. Hular ta zauna a kan yaron daidai, babu matsi babu sako-sako. Hajiya Fatna ta ɗauki hular ta juya ta a hannu, ta ce, "Ashe kin iya." Na zaci daga nan za a gyara. Ba a gyara ba. Washegari motar Haisam ta ɗauki mai jego ta nufi Al-Ranuna, Hidaya ta dubi uwarta ta tagar mota, bakinta ya motsa, amma ba ta ce a tsaya ba. Lubna kuwa, wadda ta yaɗa hoton hula a buɗe, ba ta ga dalilin ɗaukar hoton hula a rufe ba.

Kwana arba'in Tasallah tana dama kunun kanwa da sassafe, ta zuba a fulas, ta hau bas zuwa Al-Ranuna. A can a ba ta kujera a falo kamar baƙuwa, a miƙo mata jikanta na ɗan lokaci, a karɓe. Hutun da ta nema domin wanka, a kan hanya ya ƙare. Babu wanda ya ba ta haƙuri, kuma abin da ya fi ci mini rai, babu wanda ya tambaye ta dalili.

Ni ma sai ranar da aka yi arba'in na tambaya. Na same ta tana mayar da kayanta ɗaki daga falo. Na ce, "Yaya Tasallah, don Allah me ya sa kike barin kaya a buɗe? Kuma me ya hana ki faɗa musu ranar nan, ki rufe bakinsu?"

Ta ajiye abin da ke hannunta, ta zauna a bakin gado.

"Malama, kafin yarinyar nan na haifi biyu, ɗaya a Maraɗi, ɗaya yana nan maƙabartar Baƙi'a. Duka na gama musu kaya tsaf tun suna ciki, kuma babu wanda ya yi kuka. Ni na zauna na warware hulunan da hannuna. Tun daga nan ba na rufewa sai na ji kuka. Ita ba ta sani ba, ban taɓa gaya mata ba. To, a gabanta zan faɗa, tana zaune da ciki wata takwas? Gara su yi dariyar."