Motar Da Aka Hana Wa Ruwa

Ranar kasuwar Gummi ce, a ƙarshen daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, na fara ganin sitiyari yana neman ƙwacewa daga hannun Babana. Ina zaune a gaba, a matse tsakaninsa da Inna, da ƙullin kuɓewa a cinyata, bayan motar kuwa buhunan sabon gero ne da mutane a kansu, har da akuyoyi. Mun fito daga hanyar burji ta ƙauyenmu da ke gefen Zugu, mun hau kwalta, Baba ya sauya giya ya ba ta wuta. Muna kaiwa daidai wata tsohuwar tsamiya sai sitiyarin ya kama makyarkyata, hannuwan Baba na rawa har kafaɗa, madubi na kaɗawa, haƙorana na haɗuwa. Na baya suka ɗauki salati. Baba ya ɗaga ƙafa, motar ta rage gudu, rawar ta lafa kamar ba a yi ba.

Motar, tsohuwar a-kori-kura ce ta Alhaji Bawa, mai sayen hatsi a garinmu, Baba kuma direbansa ne. Da wannan tuƙi muke ci, da shi aka ɗinka mini rigar makaranta, da shi kuma ake gaishe da Baba tun daga nesa a ce Mamman Direba. Ni har taƙama nake yi a dandali. In mun gama surfe da ɗiban ruwa muka fita gaɗa, ina jin ƙarar motar daga bayan gari zan bar waƙa a tsakiya in ruga tarye. Alhaji Bawa kuwa mutum ne mai tumbi da tsoro, wanda dukiya ta zo wa ta iske babu kan da za ta zauna. Da ya sayo motar, wani boka mai rawanin malamai ya zo daga wani gari ya kwarara wa tayoyinta ruwan rubutu, ya kafa doka cewa kada a wanke su, kada a kankare abin da ya manne musu, kada a shiga rafi da su, sai shekara ta zagayo. Wani ya tambaya ruwan sama fa, aka ce wannan ba ya karya tsari, na bokiti ne mai ɓarna. Limamin gari ya ce shirme ne, ba wanda ya saurare shi, don ba shi ke rabon goro a ƙofar Alhaji ba.

Kafin mu dawo daga kasuwa labari ya riga mu isa gida. 'Yan zaman kashe wando na ƙofar Alhaji, waɗanda ko keke ba su iya hawa ba, duk suka zama masana mota. Wannan ya ce aljanar tsamiya ce ke kama sitiyari, wancan ya ce ai ba ta kama kowa sai mai ƙashin tsiya, na ukun ya rantse ya taɓa ganin Mamman ya wuce wurin bai yi sallama ba. Suna faɗi suna tofar da tuƙar goro, Alhaji na gyaɗa kai kamar ana karanta masa littafi.

Baba ya bi abin a hankali, ina jin yana lissafa wa Inna muna cin tuwo a tsakar gida. Rawar ba ta zuwa in ya taka birki, don haka birki ya fita. Ba ta zuwa a kan burji inda ake tafiya sannu, sai mota ta ɗauki gudu, tsamiyar nan kuwa laifinta kawai shi ne a nan gudun ke kankama, don a hanyar dawowa can wani wuri daban take farawa. Ya shafa tayoyin gaba bai ji kumburi ba, ya ɗaure notuna, ya ɗaga motar da jak ya jijjiga ƙafafun bai ji sassauci ba. Abin da ya rage shi ne jar lakar fadama da ta cushe cikin ƙarfen tayoyin gaba duk tsawon damina, ta bushe kamar tubali, ta yi nauyi a gefe ɗaya. Ya je ya roƙi Alhaji ya bari a cire ta, Alhaji ya ce lakar nan ta sha rubutu, duk wanda ya taɓa ta ya taɓa shi.

Inna ta ce masa, "Ka tsaya cikin daji ka kankare abinka, wa ka ganin ka?" Baba ya ce, "Motatai ta, ba tawa ba. Abin da yah hana gaba nai, ba ni yin shi bayan idonai." A lokacin haushinsa na ji, don a makaranta yara maza sun ƙera motocin kara, in na zo wucewa sai su riƙa karkarwa da su suna kiran sunan Baba. Na yi dambe da ɗaya har na yaga masa aljihu, Malama ta sa ni sharar fili.

Baba ya koma tafiya a hankali don kada ya kashe mutane, wannan ma ya zama laifi, wai yana sa hatsin Alhaji rasa kasuwa. Bokan ya dawo ya turara motar da hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, ya ce gyara ba zai kama ba muddin hannun da aljanar ta tsana yana kan sitiyari. A gaban 'yan kashe wandon nan aka karɓi makulli daga hannun Baba aka miƙa wa Labbo, ƙanin matar Alhaji, yaron da bai daɗe da barin rataya a bayan mota ba. Baba ya shigo gida ya ɗauki lauje ya tafi gona. Inna ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ni na tsaya ina kallon tuwon da ba wanda ya taɓa.

A fitarsa ta farko Labbo ya raina zagaye ta kan gada, ya yanke ta mashigin rafi, ga shi an yi ruwan ƙarshe rafin ya kawo. Muna bakin ruwa da ƙawayena muna wanki muka ga motar ta afka ta mace a tsakiya. Ta wuni a nan ruwa na bi ta ƙarƙashinta, da idona na ga jar laka na narkewa daga tayoyin tana bin ruwa kamar an dama kunu. Sai la'asar shanun wasu Fulani suka jawo ta. Da makanike ya tashe ta suka hau kwalta, sitiyari ko motsi. Gari ya ɗauki kabbara, wai hayaƙin boka ya ci, an rabu da mai ƙashin tsiya. Dokar hana shiga rafi kuwa, duk bakunan nan masu surutu babu wanda ya tuna da ita. Na ruga gona na faɗa wa Baba abin da na gani, ina jiran ya jefar da lauje ya tafi ƙofar Alhaji. Ya dube ni ya ce, "Na sani, ɗiyata," ya duƙa ya ci gaba da yankan dawarsa. Sunan mai ƙashin tsiya ya bi shi har tashar Anka da ta Bukkuyum, babu mai motar da ya sake ba shi makulli.

Yau ko a Gummi akwai masu faci da na'urar gwada daidaiton taya, yaro ƙarami zai juya ta ya nuna maka gefen da ya yi nauyi kafin shayinka ya huce. Hanyar garinmu kuwa sai babur, shi ma da addu'a a baki saboda 'yan bindiga, kuma mun daɗe da kwaso tsofaffinmu zuwa birni. Ina da 'yar motata yanzu. Baba idonsa ya tafi, amma ran da na fara ɗaukarsa ya roƙe ni in bar shi ya ɗora tafinsa a kan sitiyari ina tuƙi. Muka yi tafiya mai nisa a haka bai ɗauke hannun ba, can ya ce a hankali, "Lahiyatta lau." Ƙarfinsa duka a gona ya ƙare, saboda lakar da bokitin ruwa ya isa ya wanke.