Sau Biyu Ana Yafewa a Madadina

Wata takwas ban rubuta komai a shafin nan ba. Masu tambaya ko na mutu, ban mutu ba. Kwance nake.

Daga Gazawa muke komawa Agiye, ni da wana Ilu, mun je suna. Shi yana gaba kusa da direba, ni ina baya tsakanin buhunan wake. Amalanken jaki ya shigo hanya, direba ya kauce, taya ta fashe, mota ta kife.

Yaya Ilu hularsa kawai ta ɓace. Ni kuwa ina yashe a gonar wani, ƙafafuna kamar na aro, sai na ji muryarsa bisa kaina yana ce wa direba: "Tashi, Sale, bar kuka. Ƙaddara ce. Mun yafe."

Mun yafe. Sai ran nan na san bayan nawa na tarayya ne.

Kafin jandarma su iso har an sa ni wata mota zuwa gida. Da suka tambayi waɗanda suka ji ciwo, Yaya ya ce babu kowa a wajenmu. Ya kirawo mai ɗori. Kwana huɗu ana shafa mini man shanu ana tofi, ni kuwa ko juyawa ba na iyawa. A na biyar ɗiyata Rabi ta zo daga Maradi, ta dube ni, ta dubi kawunta, ta fita neman mota.

A asibiti hoton ƙashi jika goma sha biyar, wato sefa dubu goma sha biyar. Likita ya ɗaga shi wajen taga ya ce, "Hajiya, ƙashi ɗaya ya tsage, wannan sabo ne. Amma wannan karkatar ta bayanki fa? Ai ta girme ni."

Ta girme shi kam.

Shekarar da aka samu mulkin kai ina da shekara bakwai, motar gyada ta kife da mu a hanyar Gidan Sori. Na tuna babanmu tsaye, yana ce wa mai motar, "Mun yafe." Babu wanda ya duba bayana. A lakol, makarantar boko, malami ya yi ta dukan kafaɗata wai in zauna daidai. Na yi jami'a, na yi shekara talatin ina koyarwa, kuma teloli nawa na yi wa faɗa cewa sun yanka mini riga ɓangare ɗaya ya fi tsawo. Duk inda suke, su yi haƙuri.

Likita ya ce sunan abin sikoliyoz, kuma ba zai iya rantsuwa ko motar gyada ce ko haka aka haife ni ba. Na tambaye shi ko zan sake tafiya. Ya ce, "In kin kwanta yadda na ce."

Wata uku cikin rigar roba mai tauri daga hammata zuwa ƙugu, da zafin nan namu. Wanka sai an yi mini. Kowace safiya kafin in gaida kowa sai na motsa babban yatsan ƙafata in ga ko yana nan. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Rigar kaɗai jika tamanin, ga magani, ga gashin ƙashi na jiran mu. Kuɗin ritaya ba su san da wannan ba. Rabi ta je buron asirans, wato ofishin inshorar motar, aka ce mata, "Sunan mamarki ba ya cikin takardar jandarma. A wajenmu ba ta shiga motar nan ba."

Na sa aka kira Yaya Ilu. Na ce ya je ya gyara maganarsa.

Ya ce, "Haba Mariyama! Sale ɗan Malam Idi ne, sahu ɗaya muke salla da ubansa. In kai shi ƙara?"

Na ce, "Yaya, ba Sale zai biya ba. Asirans ne."

"Ku dai 'yan lakol komai sai takarda. Me mutane za su ce?"

"Za su ce ka yafe hularka. Ita ce taka."

Ya yi fushi, kwana tara bai leƙo ba. Wanda ya leƙo Sale ne, da lemo cikin leda. Rabi ta yi masa bayani. Ya dafe kai ya ce, "Wallahi Hajiya, shekara da shekaru ina biyan mutanen nan, na ɗauka takardar don a nuna wa jandarma a hanya ce kurum!"

Shi ya ɗauki Yaya a babur har wajen jandarma, aka ƙara sunana.

Sai asirans suka ga hoton, suka ce ai baya daɗaɗɗen karkatacce ne. Likita ya rubuta musu da kyau: karkata tawa ce, tsagewa tasu ce. Bayan zuwa shida suka biya na tsagewa. Da shi na yi gashin. Yanzu ina zagaya tsakar gida da sanda, jiya har bakin kasuwa.

Na gode wa Allah. Na gode wa Rabi, da likitan da ya duba hoto da idon basira, da matar gashin ƙashi da ba ta jin "ya isa". Har Yaya Ilu, wanda yanzu kullum yana kawo mini fura.

Ku kuma: in mota ta faɗi da ku, a rubuta sunanku ko da kuna ganin lafiya lau kuke. A yi hoto kafin a kira mai ɗori. In yarinya tana zama a karkace, a kai ta asibiti, a bar dukanta. Kuma a tambayi mai ciwon kafin a yi kyauta da ciwonsa.

Ran da na fara takawa Sale ya zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa. Yaya ya buɗe baki. Na ɗaga masa sanda ya yi shiru.

Na ce, "Sale, tashi. Na yafe."