Waƙar da Muka Zaɓa a Watan Yuni

Mika'ilu Harouna, wanda unguwar Adjamé ta sani da Mika Sono, wato Mika mai lasifika, an haife shi a Treichville a shekarar 1976, a gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu da famfo ɗaya. Mahaifinsa, Malam Harouna, mahauci ne da ya zo daga Dogondutsi tun yana saurayi. Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan kasuwar da ke kewaye da wata ƙaramar tashar gbaka, wato ƙananan bas-bas na haya, a bayan Bracodi, kuma shekara goma sha ɗaya ofishina yana ƙarƙashin matakalar da Mika'ilu yake hawa zuwa wurin sana'arsa. Abin da zan faɗa, wani daga bakinsa na ji, wani yana cikin littafin zaman ƙungiya da rubutun hannuna.

Gidan da ya tashi a ciki bango ɗaya ya raba shi da wata ƙaramar coci. Daga tsakiyar Nuwamba mawaƙan cocin ke fara koyon waƙoƙin Kirsimeti, wato Nowel kamar yadda muke cewa a nan, kullum bayan la'asar. Sukan maimaita baiti ɗaya sau ashirin, kafin su iya shi ya iya. Yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya ji shi yana rera ɗaya a bakin famfo. Ya ɗauko igiyar da yake ɗaure raguna, ya jiƙa ta, ya zane shi har sai da maƙwabciyarsu Tanti Adjoua ta shiga tsakani ta sha bulala biyu a hannu. Bai sake rerawa a gida ba. Sallarsa bai taɓa wasa da ita ba, kuma ban taɓa jin ya yi gardamar addini da kowa ba. Idan aka tsokane shi yakan ce, "Mahautanmu ma Nowel suke jira su sayar da naman shekara. Su da wuƙa suke ci, ni da kunne."

Ya fara da tallar kaset a tashar Gare de Bassam, ya koma faifan CD. A 2012 ya dawo Adjamé, ya kama barandar wani bene da ba a gama ginawa ba, ya kafa tsohuwar kwamfuta da manyan lasifika biyu. Aikinsa zuba wa mutane waƙa a waya da katin memori.

Yana da tsari a kan waƙoƙin Nowel, kuma ba ya yarda a karya shi. Makon farko na Disamba na masu busa ƙaho ne irin na bakin tekun Bassam, domin a cewarsa su ke tada ƙafa. Mako na biyu sai mawaƙan ƙabilar Baule masu ganga da caki. Masu sanyi na Faransanci da safe kawai yake sa su, kafin motoci su fara hayaniya. Amma wadda ya fi so wata tsohuwa ce da ke farawa da bugun ƙararrawa sau tara, sai muryoyin mata su taso, sai na maza su shigo ta ƙasa kamar ana ɗaga kaya. Duk wanda ya kawo masa waya a Disamba sai ya zuba masa ita, ko ya nema ko bai nema ba. Haka ya yi shekara goma sha ɗaya.

A farkon 2023 rikici ya ɓarke tsakanin nyamburo, wato samarin da ke riƙe da layin lodin motoci. Ɓangare ɗaya na riƙe da tashar, ɗayan, mutanen wani da ake kira Zagbo, na son ƙwace ta. Da rana tsaka suke zuwa, da adda da gora mai ƙusa, kuma duk wanda suka tarar a hanya nasu ne. Ranar 14 ga Fabrairu aka sare wa wata mai sayar da lemo hannu saboda ta kare tirenta. Ranar 3 ga Afrilu aka fasa kan wani direba da dutse a gaban ofishina, jininsa ya kwana uku a bakin ƙofa. Ranar 20 ga Mayu, Sha'ibu mai shayi ya hango su daga nesa ya yi ihu, mutane suka tsere. Bayan kwana biyu mutum uku suka zo teburinsa da azahar. Biyu suka riƙe shi, na uku ya juye masa tafasasshen butarsa a ƙirji, sannan ya tsaga masa gefen baki da reza har kusa da kunne. Suka ce wannan na mai babban baki ne.

Muka yi zama ranar Lahadi, 11 ga Yuni, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutum ashirin da shida ne, shugabanmu Kalla mahauci yana gaba. Yayar Mika'ilu, Halimatus Sa'adiyya, wadda ke soya aloko, wato babbar ayabar nan ta suya, a bakin tashar, ita ma tana nan.

Kalla ya ce, "Gargaɗi muke so, amma ba na baki ba. Kun ga Sha'ibu."

Mika'ilu ya ce, "Daga sama ina ganin hanyoyin nan biyu har ƙarshensu. In na hango su sai in sa waƙa. Ba a yanka mutum don ya sa waƙa a shagon waƙa."

"Wace iri? Kai kullum cikin kiɗa kake, wa zai bambance?"

"Ku zaɓa."

Kalla ya yi dariya. "Sa ta Nowel ɗin nan taka mai ƙararrawa. Wane mahaukaci zai sa waƙar Nowel ana ruwan Yuni?"

"Ni ne mahaukacin ke nan, Yaya Kalla."

"Ai mun daɗe da sani. Yau dai muka samo maka amfani."

Halimatu ta ce ita ba ta yarda ba, ƙaninta ba soja ba ne. Aka rinjaye ta. Na rubuta: an amince, ƙararrawa tara, kowa ya rufe ya bar wurin. Dukanmu da muka zauna a ɗakin nan Musulmi ne. Watan Layya muke lissafi a lokacin, ragunan Sallah ne a kanmu. Babu wanda ya ambaci Disamba, har shi mai waƙar.

Dabarar ta yi aiki. Sau huɗu ya sa ta tsakanin Yuli da Oktoba, kuma kowane karo kafin 'yan adda su iso an ja ƙofofin ƙarfe, mata sun shige lungu da kaskonsu, nyamburo su kaɗai suka rage suna saran juna. A cikin 'yan kasuwa ko ƙwarzane babu wanda ya samu. An ce Zagbo da kansa ya taɓa ɗaga kai ya dubi barandar, ya ce wa mutanensa wannan Bahaushe bai san wata ba.

Ranar Asabar, 2 ga Disamba, da ƙarfe goma sha ɗaya, ƙararrawa ta buga. Kasuwa ta watse. Wani ya ture kaskon Halimatu, man ya zube mata a ƙafa. Ashe babu ɗan adda ko ɗaya a hanya. Wani mai shagon takalma ne ya kunna ta a wayarsa ya haɗa da lasifika, kuma Mika'ilu ne ya zuba masa ita shekara uku da suka wuce. Ranar 5 ga wata waƙar ta fito daga cikin wata gbaka, aka sake gudu, aka tattake tiren ƙwai da wata tsohuwa. Ranar 9 ta fito daga wurin aski. A wannan karon rabin mutane ne suka gudu, sauran suka tsaya suna yi musu dariya.

Muka sake zama ranar 10. Mika'ilu ya ce a canza waƙa. Aka ce to ta yaya za a sanar da mutum sama da ɗari a cikin mako ɗaya, ga 'yan cin kasuwar biki sun cika wurin, ba tare da maganar ta kai kunnen Zagbo ba? Aka yi ta ja har la'asar. Kalla ya ce nyamburo ba sa faɗa a lokacin biki, kowa yana neman na kansa. Aka ɗage maganar zuwa Janairu. Wannan ma ni na rubuta.

A hanyar fita Halimatu ta tare ƙaninta, ƙafarta a naɗe. Ta ce, "Ka ji ni, Mika. In ka hango su, ka sa waƙarka ka shige ciki. Wanda ya ji ya ji. Kada ka buɗe wannan bakin."

Ya ce, "To, Yaya."

"Ba 'to' nake so ba. Na san 'to' ɗinka."

Ranar Asabar, 23 ga Disamba, tashar ta cika har babu masaka tsinke. Da ƙarfe goma da minti arba'in Mika'ilu ya ga gbaka biyu sun tsaya a ƙarshen hanyar gabas ba a wurin tsayawa ba. Maza kusan talatin suka sauko, kowa da abu dogo naɗe a buhu. Ya sa waƙar, ya ƙure murya. Ina cikin ofis na ji ƙararrawa tara ta girgiza rufin. Na leƙa. Babu wanda ya motsa. Mai shagon takalma yana kaɗa kai. Wasu mata biyu da ke jiran motar Abobo suka fara rerawa tare da ita. Halimatu ta ɗaga kai ta dube shi, ya yi mata alama da hannu biyu, amma tana zaune ne da ƙafa a kan benci, kuma layin masu sayen aloko ya kai mutum goma, yawancinsu da goyo.

Tsakanin inda suka sauka da bakin tashar tafiyar minti biyu ce. Ya kashe waƙar. Ya ɗauki makirfon da yake tallar kaya da shi. Ya faɗa da Faransanci, ya faɗa da Jula, ya faɗa da Hausa: suna zuwa ta gabas, da adda, ku gudu. Ya kira mutane da sunayensu. Ya ce a ɗauki yayarsa. Muryarsa ce, a lasifikarsa, kuma waɗanda ke tahowa sun ji ta kamar yadda muka ji.

Wannan karon an gudu. Mahauta biyu suka ɗauki Halimatu da bencinta suka shige lungun masallaci. Na ja ƙofar ƙarfe na sa sakata.

Mutum huɗu suka hau matakalar. Na ji takunsu a saman kaina. Mika'ilu yana da damar tsallakawa ta bayan benen, amma ina jin sa yana magana a makirfon har suka kai gare shi, yana ce wa masu gudu kada su bi ta kantin magani. Makirfon bai mutu ba, don haka duk tashar ta ji abin da ya biyo baya. Wani ya ce masa, "Ashe kai ne limamin Nowel." Suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan teburin kwamfuta. Sara biyu. Suka kwantar da kansa a jikin lasifika ɗaya, suka ɗauki ɗayar suka yi ta buga masa. Sannan suka jefo shi daga barandar. Ya faɗo a kan rumfar mai sayar da atamfa, rumfar ce ta hana ƙashin bayansa karyewa. Ban buɗe ƙofa ba sai da na ji jiniyar 'yan sanda, ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar.

A faɗan ranar nyamburo biyu suka mutu. Mika'ilu ya rasa yatsu uku. Kunnensa na hagu ya mutu ɗungurungum, na dama sai bayan wata biyu ya fara dawowa, shi ma ba duka ba. Adjamé ta haramta gare shi, domin mutanen Zagbo ne ke riƙe da tashar yanzu. Yana Treichville a gidan yayarsa, yana zuba waƙa a kan ƙaramin tebur, babu lasifika.

Kwana uku bayan abin na je asibiti. An naɗe kansa, ido ɗaya ne a waje. Na yi masa sannu, bai ji ba. Ya yi magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Malam Sakatare, nawa suka mutu a namu?"

Na buɗe littafi na rubuta a shafin baya: babu ko ɗaya. Ya daɗe yana kallon rubutun.

"Yaya fa?"

Na rubuta: tana waje, ta ce ba za ta shigo ba sai ta huce.

"Raunuka?"

Na juya masa shafin da na jera su. Mutum biyar ne, huɗu faɗuwa suka yi wajen gudu. Ya bi sunayen da babban yatsan hannun hagu, ya tsaya a na ƙarshe. Kalla, saran adda a cinya, ɗinki goma sha takwas.

"Bai ji ni ba ne?"

Na rubuta: ya ji, ya gudu, sai ya dawo ɗaukar wuƙaƙensa.

Mika'ilu ya rufe ido. Kafaɗunsa suka fara motsi, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, tana ja masa ɗinki yana cije haƙori. Da ta lafa ya ce, "Ka gaya masa, ni yatsu uku na ba da don tsohon banza ya koma ɗaukar wuƙa." Ya numfasa. "Je ka ce wa Yaya ta shigo. Ta yi faɗanta yanzu da ba na ji."

Na fita na kira ta.